Ranar da Na Nemo wa Baba Kujera

Mahaifina ya yi wata bakwai yana jinya a wani asibiti a Zariya, ni ne kuma na zauna da shi. Ba don na fi kowa ƙarfi ba, sai don ni kaɗai ne a gidanmu nake jin Turancin likitoci. Ina aji huɗu na sakandare a lokacin. Ciwon daji ne ya kama shi a hanji. A ƙauyenmu na bakin ruwan Tiga, inda aka tsugunar da iyayenmu bayan ruwa ya cinye tsohon gari, kowa ya san magana ɗaya a kan wannan ciwo: daji ba ya son ƙarfe, in aka sa masa wuƙa ko allura sai ya fusata ya bazu. Saboda haka ranar da aka shiga da Baba ɗakin tiyata, akwai matan da suka fara gaida Inna da muryar ta'aziyya.

Bai mutu ba. Aka yanke abin da za a yanke, aka ɗinke, aka bi shi da wasu allurai da suka zubar masa da gemu. Ni kuwa na sayi littafi mai shafi arba'in, na ja layuka da rula, ina rubuta lokacin kowane magani, da abin da ya ci, da abin da ya dawo da shi, da duk kalmar da likita ya faɗa. Kafin wannan ciwo ba ni da wani amfani a gida da za a nuna. Ina tsoron ruwa, in na hau kwale-kwale jiri nake ji, in baƙi suka zo sai na shige ɗaki da littafi. Da muka dawo daga Zariya sai ga shi ni ake tambaya: zai iya cin wake? Ya halatta ya yi azumi? Baba ya sa mini suna Likita, da yake ni ɗan fari ne, dama ba ya kama sunana. Sunan ya bi gari.

Shekara guda da rabi bayan aikin, muka koma asibiti aka duba shi, likita ya ce ba ya ganin alamar komai, ya je ya ci gaba da harkarsa. Gemu ya dawo, ƙarfi ya fara dawowa, sai dai rama. Amma mutanen gari ba su sallame shi ba. In ya fita masallaci, sannu, ya jiki? In ya tsaya bakin ruwa yana duba komarsa ta kamun kifi, sai wani ya karɓe ta daga hannunsa, a'a Malam, kai da ba ka da lafiya. Abokan da suka saba zolayarsa a kan kifin da ya kuɓuce masa sun daina, sai magana a hankali da sunkuyar da kai. Wata rana bayan wasu 'yan dubiya sun fita daga zaure, na ji ya ce wa Inna, "Ni fa bakina ya gaji da cewa da sauƙi."

Ƙanena mai bi mini shi ya riƙe gidan duk tsawon jinyar. Ya bar makaranta daga firamare, ya hau kwale-kwalen Baba, shi ne kamun kifi, shi ne ban ruwan albasa da rani. Da yamma kuma ƙwallo. Yana yaro Baba ya sha zane shi a kan ƙwallon nan, ya ce wasan marasa aikin yi ne, bai kuma taɓa tsayawa ya ga yadda yake bugawa ba. A ranin wannan shekara ƙungiyar ƙauyenmu ta kai wasan ƙarshe a wata gasa ta ƙauyuka, za a buga a Kiru da 'yan Burumburum, ƙanena ne lamba tara.

Ana gobe wasan, muna shan koko da safe, Baba ya ce zai je.

Na ce, "Baba, rana fa. Ga tsayuwa."

Ya ce, "Likitan Zariya ya sallame ni, saura na gida." Ya ajiye ludayi ya dube ni. "Ka ji abin da zan faɗa maka. Littafin nan naka a gida zai wuni. Sanda ma ba zan ɗauka ba. A can ba wanda ya san ni. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce uban ɗan wasa ne, ya zo kallon ɗansa. Shi ke nan. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Inna ta wanke masa babbar rigarsa shuɗiya, ta zuba mata sitaci har tana iya tsayuwa da kanta, don kada ta kwanta a jikinsa ta nuna ƙashin kafaɗa. Washegari ya saka ta, da taguwa biyu a ciki. Ya sa kwalli. Gwaggo, yayarsa, tsohuwar da ta wuce a hana ta zuwa ko'ina, ta ce ita ma ƙafarta ƙafarsa, ta kuma jawo ƙaramar ƙanwarmu ta riƙe mata jakar goro. Da ta ga Baba ya fito sai ta riƙe haɓa.

"Kai, wannan ai ango ne. Kallon ƙwallo za mu ko neman aure?"

"In na samu a can ai ba zan ƙi ba, Yaya."

Inna daga madafa ta ce, "Allah ya ba da sa'a, a kawo ta ta taya ni daka."

Rabon da in ji irin wannan a gidanmu har na manta. Muka fita ana dariya. Ni kuwa na koma ɗaki kamar na manta hula, na zura littafin a aljihu.

Mun isa Kiru a bayan a-kori-kura ana kiran sallar la'asar. Filin makarantar firamare ne, an ja layi da toka, an kafa turakun raga da itacen turare. A gefe ɗaya an yi rumfar zana, an jera kujeru na manyan baƙi, ga tebur da kofin da za a bayar, ga wani malamin makaranta riƙe da lasifika da aka haɗa da batirin mota. Mutanen ƙauyenmu sun taru a bayan raga ta gabas suna kaɗa gwangwani. Na nufi wajensu, Baba ya kamo hannun rigata.

"Ba can ba. Mu je inda ba a san mu ba."

Sai ga mu a tsakiyar 'yan Burumburum, mu huɗu, rana tana dukan fuskokinmu. Kusa da Baba akwai wani dogon Bafulatani mai malafa, ya saɓa sanda a kafaɗa. Ba a yi minti biyar da busa usur ba ya gane ko mu su wane ne, don ƙanena ya taɓa ƙwallo Baba ya yi ihu.

Ya ce, "A'a, ashe kifi ne ya fito tudu. Shi ya sa tun ɗazu nake jin ƙarni."

Baba ya ce, "Ƙarnin kifi ai ya fi tsamin nono. Ka bar shanu da wa ka zo nan?"

"Na bar su suna koya wa yaranku gudu. Tsoho, matsa mini, wannan rigar taka ta tare mini rabin fili."

Ya sa kafaɗa ya ture Baba, Baba ya ture shi. Gabana ya faɗi, don daidai gefen ɗinkin ne. Amma Baba dariya yake yi, irin wadda take fitowa daga ciki, har da buga ƙafa. Mai malafa ya ɓare rake da haƙori ya miƙa masa gaɓa ɗaya, ya ce ya sha ko ya sami ƙarfin kukan da zai yi anjima. Baba ya karɓa ya hau sha. Gwaggo ta shiga faɗan ita ma, ta ce wa mai malafa golansu kamar zakaran da aka jiƙa. Aka yi ta yi.

Ban ga komai na wasan ba a wannan lokaci. Baba nake kallo. Na ga gumi yana gangarowa ta bayan kunnensa. Na ga ya sauya ƙafar da ya dogara a kanta sau uku. Na duba agogo: ya yi minti talatin da biyar a tsaye, ban da tsayuwar mota. Sau ɗaya ya ɗora hannu a cikinsa, wataƙila gyara riga yake yi, amma ni na ga abin da nake son gani. 'Yan Burumburum suka ci ɗaya, mai malafa ya cire malafarsa ya kifa wa Baba a ka, aka tafi hutun rabin lokaci.

Na ce zan je neman ruwa. Na zagaya bayan rumfa. Akwai kujeru biyu da ba kowa a kai. Abin da ya kamata in yi, in ma zan yi, shi ne in matsa kusa da wani in ce a taimaka wa dattijo da kujera. Amma ni ba na iya magana a gaban manya, harshena sarƙewa yake yi. Abin da na iya shi ne rubutu. Na fito da littafin, na yage shafi ɗaya daga tsakiya, na durƙusa na ɗora a gwiwa. Har yau ina iya tuna abin da na rubuta, don na tsara shi kamar wasiƙar neman aiki. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon alfarmar kujera ɗaya a inuwa saboda mahaifina, wanda aka yi wa aikin ciwon daji a hanji, ya yi wata bakwai a asibiti a Zariya, ni ne na yi jinyarsa, kuma bai kamata ya daɗe a tsaye ba. Na sa hannu, na rubuta ajina da makarantata. Ban bar komai ba. A gidanmu ko sunan ciwon ba a faɗa, sai dai a ce lalurar nan. Ni na rubuta shi ɓaro-ɓaro, har na ja masa layi a ƙasa.

Na miƙa wa mai lasifika, da nufin ya nuna wa shugaban gasa. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya sake karantawa. Sai ya kai lasifikar bakinsa.

"Jama'a, a saurara! A saurara don Allah! Yau muna da babban baƙo a filin nan. Ikon Allah, jama'a! Wani bawan Allah da aka yi wa aikin daji, daji fa na ce, aka sa masa wuƙa, ga shi nan da ransa ya zo kallon ƙwallo!"

Filin ya ɗauki salati. Ya karanta takardar tun daga gaisuwa har sa hannu. Ya kama hannuna ya ɗaga sama.

"Ga yaron da ya yi jinyarsa wata bakwai. Ɗan albarka ke nan! Yara, ku yi koyi. Ina mahaifin naka? Nuna mana shi."

Na nuna.

Wannan ne wurin da na fi jin nauyin rubutawa. Lokacin da hannuna yake sama, mutane suna cewa Allah ya yi maka albarka, daɗi na ji. Ban ji tsoro ba, ban tuna abin da Baba ya ce jiya da safe ba. Wani sanyi ne ya ratsa ni, irin wanda nake ji in an karanta sakamakon jarrabawa aka fara da sunana. Sai da na hango Baba tsakanin mutane biyu da aka tura su taho da shi, malafar wani a kansa, guntun rake a hannunsa, sannan daɗin ya koma wani abu.

Bai yi gardama ba. Ba a gardama da alheri a gaban jama'a. Suka riƙe shi ta hammata kamar zai faɗi, shi da ya zo da ƙafarsa, suka ratsa da shi gefen fili. Aka zaunar da shi a layin gaba, aka kawo masa lemon kwalba. Mai malafa ya biyo su a baya, ya sauke sandarsa, ya tsuguna a gaban Baba.

"Baba, ka yafe ni don Allah. Wallahi ban san ba ka da lafiya ba. Da na sani ko kusa da kai ba zan tsaya ba, balle in ture ka."

Baba ya ce, "Ba komai. Lafiyata ƙalau."

"Allah ya ƙara sauƙi. Sannu. Sannu, Baba."

Ya karɓi malafarsa da hannu biyu, ya ja da baya. Bai sake cewa kifi ba.

Aka busa usur aka koma wasa, amma a gaban rumfa wani layi ne ya kafu. Duk wanda ya ji sanarwar ya ga ya zama wajibi ya zo dubiya, ga lada a kusa ba sai an je asibiti ba. Wasu kuma so suke su ga mutumin da daji ya bari. Suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su cire takalmi, su tsuguna. Sannu Malam, ya jiki? Da sauƙi. Allah ya sa kaffara ne. Amin. Wani ya tambaya ko gaskiya ne an cire hanjin duka an sa na roba. Wata mata ta turo a tambaya mata sunan asibitin, mijinta yana da ƙari a wuya. Wani ya ce a nuna masa ɗinkin. Baba yana amsawa yana leƙe ta gefen kafaɗunsu, in ya karkata dama sai mai gaisuwar ya karkata dama don su haɗa ido. Ni kuma ina tsaye a bayan kujerar, tambayar da ta fi ƙarfinsa a juyo gare ni, ina amsawa. Gwaggo ta iso da ƙanwata, ta tsaya gefe. Kallo ɗaya ta yi mini ta tofar da goro.

Ana saura kamar minti goma a tashi, wani dattijo mai farin rawani ya zo, aka buɗa masa hanya. Ya ce a yi wa mara lafiya addu'a. Duk rumfar aka ɗaga hannu. Baba ma ya ɗaga, ya sunkuyar da kai, don ba yadda za a yi ana roƙa maka Allah kana kallon ƙwallo. Addu'ar ta yi tsawo. Ya roƙa wa Baba, ya roƙa wa iyayensa, ya roƙa wa likitoci, ya roƙa mini. Aka ce Fatiha. Daidai lokacin da tafukan Baba suke rufe da fuskarsa yana shafawa, bayan raga ta gabas ya fashe da ihu, gwangwani ya ɗauka, yara suka kwarara cikin fili.

Baba ya sauke hannu da sauri ya miƙe tsaye. "Wa ya ci? Wa ya ci?"

Ƙanwata ce kaɗai a cikinmu ta gani. Ta ce, "Yaya ne! Yaya ne ya ci!"

Abin da Baba ya samu ya gani shi ne ƙanena a ƙasa, abokansa sun danne shi. Dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce ya zauna kada ya wahalar da jikinsa. Ya zauna.

Kafin a tashi 'yan Burumburum suka ƙara ɗaya, suka ɗauki kofi. Ƙanena bai damu da kofin ba. Ya taho a guje, ƙafa ba takalmi, gwiwa tana jini, ya durƙusa a gaban kujerar yana haki.

"Baba, ka gani?"

Baba ya ce, "Na gani mana. Ai da ka ɗauke ta da ƙafar daman nan na san gola ba zai tare ba."

 Da ka ƙanena ya ci ƙwallon, daga bugun kwana, kowa a filin ya san haka. Ya dubi Baba, ya dubi kwalbar lemon da ba a sha ba, ya dubi sauran 'yan dubiya da suke jira, sannan ya ɗago ya dube ni. Ya ji sanarwar shi ma, suna zaune a tsakiyar fili suna shan ruwa aka yi ta.

Ya ce, "Haka ne, Baba. Da dama ne."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya koma wajen abokansa, ya ce a motarsu zai dawo.

Muka taka zuwa tasha, Baba a gaba, sitacin rigarsa ya saki saboda gumi, ta kwanta a kafaɗunsa. Gwaggo ta rage tafiya har na cim mata.

Ta ce, "Likita."

"Na'am, Gwaggo."

"In ya warke, kai kuma ka zama wa?"

Ba ta jira amsa ba, ta ja hannun ƙanwata suka wuce. Na so in ce rana ce, gumi ne, tsoro na ji kada ya faɗi. Duk gaskiya ne. Amma na san kujera ɗaya ba ta buƙatar a rubuta wanda ya yi jinya da ajinsa da makarantarsa.

Motar da muka samu tsohuwar a-kori-kura ce da ta sauke buhunan masara, direban baƙo ne daga wajen Doguwa, bai je filin ba. Muka hau baya tare da wasu mutum shida. Ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta ƙi. Ya leƙo ta taga yana faɗa.

"Maza a sauka a tura! Kai mai shuɗiyar riga, da kai nake, ko sarki ne kai? Ka zauna ka hakimce kamar ka sayi motar!"

Bakina ya buɗe da kansa. Kalmomin "ba shi da lafiya" sun riga sun hau harshena, na saba da su kamar sunana. Baba bai dube ni ba. Ya naɗe hannun rigarsa ya ɗora a kafaɗa, ya kama ƙarfen motar ya dira ƙasa. Na rufe bakina na bi shi.

Muka sa kafaɗa, ni a hagunsa. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar, ina ganin jijiyar wuyansa ta tashi. Na kafa idona a kan tayar baya na bar shi a can. Direba yana ihu, ku tura mana, ba ku ci tuwo ba ne? Baba ya ce masa, cikin haki, in ya sayar da wannan gwangwanin ya sayi jaki zai fi masa. Mutane suka yi dariya. Motar ta gangara, ta yi tari biyu, ta kama.

Aka bi ta a guje ana hawa. Baba ya riga ni kamawa. Ni santsin masarar da ta zube ya kwashe ni, na faɗi a kan gwiwa, sai da direba ya taka birki ya jira ni yana zagi. Da na hau, wurin da ya rage a can ƙarshe ne, kusa da ƙofa. Na zauna a nan har gida, ina jin Baba a gaba yana gardama da wani mutum a kan farashin albasa.